Yawon gaɓar kanal ɗin Regent's a Landan: ina za a ci, ina za a ɗauki hoto?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Mu shida ne, har da yara biyu, muna so mu bi gaɓar kanal ɗin Regent's, wato hanyar ruwan nan da aka haƙa don jirage, wata Asabar a tsakiyar Oktoba. Biyu daga cikinmu na da kyamara, sauran waya. Burinmu mu ci abinci mai kyau na halal a hanya, mu kuma dawo da hotunan da za a iya wankewa a rataye. Daga ina ya kamata mu fara, ƙarfe nawa, kuma ana iya gama shi duka a yini ɗaya?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsawonsa daga Little Venice zuwa Limehouse, inda ya haɗu da kogin Thames, kilomita 13.8 ne. Mai tafiya kawai zai gama cikin awa uku da rabi ko huɗu. Mai tsayawa hoto da cin abinci, ga yara, ba zai gama da sauran haske ba, kuma ƙafa za ta yi tsami tun kafin rabi. Ku yanke shi. Little Venice zuwa Camden kusan kilomita huɗu ne, daga Camden zuwa King's Cross bai kai biyu ba. Wannan kilomita shidan ya ishe ku yini guda. Ku sauka a tashar Warwick Avenue ta layin Bakerloo, minti biyar kun iso bakin ruwa.

Abu ɗaya da ke rikita baƙi tun farko: a titin Blomfield gefen ruwan na masu zama a cikin jirage ne, an katange shi, sai dai ku bi ta titi kuna leƙe ta saman shinge. Can gaba kaɗan ruwan zai shige ramin Maida Hill, mita 249, babu hanyar ƙafa a ciki. Ku haura ta Aberdeen Place ku miƙe, za ku ga matakalar da za ta sake saukar da ku.

Ɗan Asabe Mai Hoto: Malam Sabi'u, tsarin nisan na yarda da shi, amma a kan alkibla ina da ja. Daga Little Venice gabas ake fuskanta. Da safe a Oktoba rana tana kudu maso gabas, ƙasa-ƙasa, wato tana gabanka ta dama, a saman ruwan. Hanyar ƙafar kuma yawancinta a gefen arewa take. Duk abin da ka saita a gabanka zai fito baƙi, ruwan kuma fari fat. Wanda ya damu da hoto ya fara daga King's Cross da safe ya nufi yamma, rana na bayansa, launin jiragen nan ja da kore da shuɗi zai fito yadda yake.

Malam Sabi'u: In suka fara daga King's Cross ƙarfe tara, Camden za su isa wajen goma, ciki bai nemi komai ba, masu abinci ma lokacin suke kunna wuta. Sannan yunwa ta kama su a tsakiyar Regent's Park inda babu ko mai shayi a bakin ruwa. Ga yara. Kuma Little Venice da safe take da kyau, kafin iska ta tashi, ruwan a kwance kamar madubi, fararen gidajen nan suna ciki a kife. Da jiragen yawon buɗe ido suka fara kai da kawo shi ke nan, madubin ya fashe.

Ɗan Asabe Mai Hoto: Maganar madubin gaskiya ce. To a yi haka: a bi ta gabas ɗin, amma a riƙa juyowa. Duk taku hamsin ko ɗari a tsaya a waiwaya, hoton yana bayanka. Yawancin mutane abin da ke gabansu kawai suke ɗauka, shi ya sa suke komawa gida da hotuna masu hazo.

Hajiya Turai: Ni ta cikin zan yi magana, tun da maza sun riƙe rana. 'Yar uwa, kada ku fito da azumin safe kuna cewa sai Camden. Bayan ramin Maida Hill, kafin ku koma bakin ruwa, kasuwar Church Street tana kusa, tsakanin Edgware Road da Lisson Grove, tana ci Litinin zuwa Asabar. Unguwar Larabawa da Kurdawa ce, nama na halal shi ne ya fi yawa. Ku sayi gurasa mai za'atar ko mai cuku, da falafel, da 'ya'yan itace. Abin da zai jure awa ɗaya a jaka ake so. Shawarma mai miya ba ta jurewa: tururi ya jiƙa gurasar, ta yage, man ya bi takarda ya shiga jakar kyamara.

Ruwan sha rabin lita ga kowane mutum ya isa a sanyin Oktoba. Ku saka tishu mai laima, dalilinsa Ɗan Asabe zai faɗa muku.

Ɗan Asabe Mai Hoto: Hajiya ta taɓo babban abin da ke ɓata hoton waya a irin wannan yawo. Ka ci falafel, ka ciro waya, ɗan yatsa ya goga gilashin kyamara. Maiƙon ba ya ganuwa da ido, amma duk fitila ko ƙyallin ruwa zai fito da dogon jela, hoton ya yi kamar an ɗauka ta cikin leda. A wanke yatsu da tishun, gilashin kuma a goge shi da ƙyallen tabarau busasshe. Tishu mai laima a kan gilashi yana barin tabo.

Saitin kyamara kuma, ga abin da zai yi muku aiki a hanyar nan. A sa ta a A ko Av, wato saitin da kai ke zaɓar buɗewar ido, kyamara ta zaɓi sauri, buɗewar ido f/8, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a bar shi yana canza kansa amma a tsayar masa iyaka a 3200, mafi ƙarancin saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa. Jiragen kanal ba sa wuce mil huɗu a awa, 1/250 ya tsayar da su. Tsuntsu mai tashi sai 1/1000 ko sama. Manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya su ne tarko: ruwan duhu ne, kyamara sai ta ƙara haske, gashin ya ƙone ya zama farin fili babu zane. A rage haske da -0.7 ko -1 kafin a danna. A waya, a danna kan tsuntsun a riƙe har ya kulle, sannan a ja alamar ranar ƙasa kaɗan.

Injiniya Bala: A ƙara da filtar CPL, amma a san abin da take yi, don mutane da yawa suna saye suna ɓata hoto da ita. Aikinta cire ƙyallin da ke kan ruwa da ganye. Ta fi ci idan kana kallon ruwan a karkace, kusan digiri 35 zuwa 40 daga samansa. Matsalar ita ce ƙyallin nan shi ne hoton gidaje da gadoji da ke cikin ruwan. Ka murɗa ta har ƙarshe, madubin ya ɓace, ka ga ƙasan kanal da laka da ledoji. A murɗa a hankali ana kallo, a tsaya a tsakiya. Tana kuma cin haske, ninki biyu zuwa huɗu, don haka a cire ta da an shiga inuwar Regent's Park. Wurin rami ne mai zurfi, bishiyoyi ta kowane gefe, ko da tsakar rana haske kaɗan ne ke sauka.

Maman Hanif: Allah ya saka. Sallah fa? Azahar za ta same mu a hanya.

Malam Sabi'u: Babban Masallacin Landan yana daf da kanal ɗin, a bakin Regent's Park ta wajen Park Road. Akwai matakala daga bakin ruwa zuwa titi, minti biyar kun shiga. Akwai wurin alwala na maza da na mata da banɗaki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a gaɓar ruwan babu banɗaki har Camden. A tsakiyar Oktoba azahar na shiga wajen ɗaya saura kwata. In kun bar Little Venice ƙarfe goma da rabi, kun tsaya kasuwa, kun yi hotuna, za ku iso daidai. Sai ku isa Camden wajen biyu da rabi, cunkoson abincin rana ya ɗan lafa.

Ku lura da kwanan wata. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin nan rana na faɗuwa wajen shida, bayan nan kafin biyar saura kwata duhu ya fara. Duk lissafin nan sai ya koma baya.

Injiniya Bala: Bayan masallaci akwai gadar da bai kamata a wuce ta da sauri ba, gadar Macclesfield. A ranar 2 ga Oktoba 1874 wani jirgin dakon kaya mai suna Tilbury, ɗauke da albarushi, ya fashe a ƙarƙashinta da asuba, gadar ta rushe. Da aka sake gina ta sai aka mayar da ginshiƙan ƙarfen nan na asali, amma aka juya su. A da dawaki ne ke jan jiragen da igiya daga hanyar da kuke takawa, igiyar jiƙaƙƙiya mai ɗauke da yashi tana goga ƙarfen shekara da shekaru har ta sassaƙa shi. Saboda juyawar da aka yi, yanzu za ku ga sawun igiyar ta ɓangare biyu na ginshiƙi. Ku sa yatsa a ciki, santsi ne kamar bakin tsohon turmi. Hotonsa ba daga gaba ake ɗauka ba. A tsaya a gefe yadda haske zai goga ƙarfen, inuwa ta faɗa cikin ramukan, a matso kusa, f/4 ko f/5.6, a bar ruwan ya narke a baya.

Ɗan Asabe Mai Hoto: Ƙarƙashin gada gaba ɗaya wurin wahala ne ga kyamara: ciki duhu, waje haske. Ba za ta iya riƙe duka biyun ba. A zaɓa. In an auna hasken waje, bakin gadar ya zama baƙin firam, mai wucewa ya zama inuwa, kuma wannan ya fi kyau sau da yawa. In an auna ciki, waje ya ƙone. Mai ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya auna waje, ya ɗaga inuwar daga baya a kwamfuta. Sai kuma a ɗaga kai: idan rana ta bugi ruwa, haske na rawa a rufin gadar kamar raga. Wannan bidiyo ya fi dacewa da shi, daƙiƙa goma ya isa.

Kuma don Allah a kula da masu keke a nan. Hanyar tana tsukewa a ƙarƙashin kowace gada, ga kwana, ba a ganin mai zuwa. Ƙa'ida ta ba mai ƙafa fifiko, amma ba kowa ke bi ba. Mai hoto idonsa na cikin kyamara, don haka mutum ɗaya ya tsaya masa gadi. Yara su bi ta gefen bango, babba ta gefen ruwa. Babu shinge a yawancin hanyar. Kada a ja da baya don a samu kowa ya shiga hoto sai an waiwaya.

Hajiya Turai: Yaran za su ji daɗin gaba kaɗan, kanal ɗin ya ratsa gidan namun daji na Landan. Babban kejin ragar nan da ke hagu a da na tsuntsaye ne, yanzu birai ne masu baƙi da fari a ciki, ana hango su kyauta daga hanya. Sai kwanar Cumberland Basin inda jan gidan abincin Sinawa yake shawagi a kan ruwa. A yi masa hoto a wuce.

Yanzu Camden. Kasuwar ta fara tun 1974, rumfunan abinci sun yi yawa har mutum ya rasa na zaɓa, kuma masu miƙo ɗanɗano a tsinke za su tare ku tun daga bakin ƙofa. Ku zaga sau ɗaya ba ku sayi komai ba. Abin da za ku duba:

Takardar halal a jikin rumfa ba ta wadatar ba in an rubuta ta da hannu kawai. Ku tambaya ko duka naman ne ko kaza kaɗai, don wasu kazarsu ce halal, naman sa ba haka ba. Ku dubi farantin suya: in ana gasa naman alade a gefe ɗaya, da cokali ɗaya ake juyawa. Masu shaidar HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance halal, sukan manna ta a fili. Kifi ma a tambaya, domin ƙullin da ake tsoma shi kafin a soya wasu da giya suke kwaɓawa, miyar abincin Japan kuma sau da yawa akwai mirin, ita ma giyar shinkafa ce. Sannan koren tambarin tsafta mai lamba 0 zuwa 5. A Ingila ba dole ba ne a manna shi, amma mai 5 ba ya ɓoyewa. In akwai mai rashin jituwa da gyaɗa ko riɗi a cikinku ku faɗa, doka ta wajabta wa mai sayarwa ya ba da bayani kan abubuwa 14 masu tayar da irin wannan ciwo.

Ku shida, ku sayi kala huɗu ku raba. Da yawansu kati kawai suke karɓa.

Umma Zinariya: Hajiya Turai, ni ban ga dalilin cin abinci a Camden ranar Asabar ba sam. Wurin zama babu, tantabaru a kan kai, mutum na cin abinci ana bangaje shi. Su sayo su yi gaba, minti ashirin da biyar sun isa King's Cross, ga matakalar Granary Square mai fuskantar ruwa, a zauna a miƙe ƙafa.

Hajiya Turai: Ya danganta da abin da aka saya, Umma. Shinkafa da miya ko naɗin gurasa za su kai. Soyayyen abu ba zai kai ba, minti goma a rufaffen kwali dankali ya yi laushi, man ya daskare a sanyin nan. Kuma hoton abinci a minti na farko yake. In za a tafi da shi, a ɗauka tukuna a bakin rumfa.

Ɗan Asabe Mai Hoto: Haka ne. Kuma a fito da shi daga ƙarƙashin rumfar. Tantin ja ko rawaya yana rina abincin, fitilarsu kuma ta ƙara nata, shinkafa ta fito kamar an zuba mata manja. Taku biyar zuwa hasken sarari ya gyara wannan. Hasken ya zo daga gefe ko daga baya kaɗan, kada a kunna filashi. Abu mai faɗi kamar faranti daga sama ake ɗaukarsa, abu mai tudu kamar boga daga gefe, saura duka a karkace kamar yadda mai ci ke kallonsa. A waya a sa 2x a ja baya, domin 1x a kusa yana kumbura gaban kwanon ya ƙanƙance bayansa. In ana son tururi ya fito, sai bayan ya zama duhu, kamar baƙar ƙofar madatsar ruwan da jirage ke bi ta ciki ko bangon bulo mai inuwa, haske kuma ya ratso ta cikinsa. Cikin daƙiƙa talatin tururin ya tafi, don haka a zaɓi wurin tsayawa tun abincin na kan wuta.

Hoton da ya haɗa biyun, wato abinci a hannu da kanal a baya: a kan gadar ƙarfen nan da ta ratsa ruwa a karkace ake samunsa. A kulle saiti a kan abincin, f/4, jirgi da madatsa su ɗan dushe amma a gane su. A f/1.8 bayan zai narke gaba ɗaya, ba wanda zai san a bakin ruwa aka ɗauka.

Mai rumfa kuma a gaishe shi a nemi izini, an fi samun fuska bayan an saya. Jiragen da ke ɗaure gidajen mutane ne, a ɗauki jiki da furannin kan rufi, kada a saita ta taga.

Injiniya Bala: Kada ku bar Camden ba ku ga jirgi ya wuce madatsa ba. Akwai 12 daga nan zuwa Limehouse, gaba ɗaya suna sauke ruwan kusan mita 26, uku na farko suna jere a nan. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe ƙofar baya, a murɗa ƙarfe a buɗe ƙananan tagogin da ke ƙasan ƙofar gaba, ruwa ya fita, jirgin ya yi ƙasa a hankali har ya daidaita da na gaba, sannan a tura dogon katakon nan da baya a buɗe. Minti goma zuwa sha biyar. Lokacin hoto biyu ne: sa'ar da ruwa ke tafasa a ƙasan ƙofa, da sa'ar da mutum ya jingina bayansa da katakon yana turawa, ƙafarsa a kan bulon da aka jera don kada ya zame. Ruwan a 1/500 zai tsaya cak da ɗigonsa, a 1/15 zai zama kamar auduga, amma sai an dafa kyamarar a kan shinge. A riƙe hannun yara sosai a nan, bakin madatsa santsi gare shi kuma zurfin ya fi na sauran wurare. Wanda ya taɓa ruwan ya wanke hannu kafin ya ci, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera.

Maman Hanif: Mai ƙafa uku na ɗora kyamara fa, mu ɗauko? Ɗaya daga cikinmu yana son hoton magariba.

Ɗan Asabe Mai Hoto: A hanyar gefen ruwa zai tare wa mutane hanya, nauyi ne kawai. A King's Cross kuma filin na kamfani ne ko da yake a buɗe yake ga kowa, masu gadi kan yi magana in sun ga kayan da suka yi kama da na sana'a. Ƙarami na aljihu ya isa, ko a ɗora kyamarar a kan jaka a bisa dakali, a sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada dannawa ta girgiza ta. Ku isa madatsar St Pancras awa ɗaya kafin faɗuwar rana, tsofaffin firam ɗin tankunan gas suna nan a gefe, hasken yamma na bi ta cikin ƙarafunan. Daga nan Coal Drops Yard, inda ake sauke gawayin kwal a da, aka mayar da shi kantuna a 2018. Mafi kyawun lokaci minti ashirin zuwa talatin bayan rana ta faɗi: sama shuɗi, an kunna fitilu, maɓuɓɓugan Granary Square sun ɗauki launi. ISO 100, f/8, daƙiƙa biyu zuwa huɗu. Jiragen da ke ɗaure suna ɗan motsi ko da ido bai gani ba, in aka wuce daƙiƙa huɗu za su fito da hazo. Batir na biyu a aljihun ciki, sanyi na shanye shi. In za a shiga wurin shayi mai ɗumi, kyamarar ta zauna a jaka minti goma, in ba haka ba gilashin zai yi gumi.

Umma Zinariya: In kun dawo karo na biyu ku ɗauki rabin gabas. Ku fara daga Angel, don ramin Islington mita 878 ne kuma shi ma babu hanyar ƙafa. Daga can kusan kilomita uku zuwa Broadway Market, Asabar ce babbar ranarta. Masallacin Suleymaniye na Turkawa yana kan Kingsland Road, 'yar tafiya kaɗan kudu da gadar, ta arewa kuma Dalston ce, da gidajen gashin Turkawa da kasuwar Ridley Road inda ake samun doya da attarugu da busasshen kifi.

Maman Hanif: Na rubuta duka. Warwick Avenue ƙarfe goma, Church Street, masallaci, Camden biyu da rabi, St Pancras biyar. In aka wayi gari da ruwan sama mu ɗage?

Malam Sabi'u: Yayyafi kada ya hana ku, Hajiya. Gajimare ma ya kashe gardamar rana da muka yi da Ɗan Asabe, haske ya zama ɗaya ta ko'ina, fentin jiragen ya fi fitowa a jiƙe. Takalmi dai ya zama mai kama ƙasa, saboda ganyen da ya zuba a kan duwatsun bakin ruwa. In ruwan ya yi ƙarfi kuna kusa da King's Cross, ku fake a gidan tarihin kanal da ke Battlebridge Basin, tsohon rumbun ƙanƙara ne na wani ɗan kasuwa mai suna Carlo Gatti, yara za su leƙa rijiyar da ake tara ƙanƙarar da ake kawowa daga Norway. Ku duba ranakun buɗewarsa kafin ku fito.